Goggon Tudu ta Gidan Igwa

A ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar Gidan Igwa aka haifi Goggon Tudu, kuma a nan ta ƙarar da mafi yawan rayuwarta, ko da yake ba haka ta so ba. Gidan Igwa wata 'yar kagara ce da Turawa suka gina a kan tudun da ya leƙa kogi, jim kaɗan bayan sun ci garin. Ba wani babban gini ba ne. Katanga ce ta baƙin dutse mai kusurwa huɗu, da fili a tsakiya, da rijiya, da ɗakuna jere a jikin bango, sai ɗan bene guda a kusurwar gabas inda mai tsaro ke tsayawa. Tagoginsa tsagogi ne kawai, daidai bakin bindiga. A gaban ƙofa aka girke igwa ɗaya tana kallon mashigin kogi, ita ce ta ba gidan suna.

Tarihin gidan a bakin mahaifinta ta ji shi, wani tsohon soja da kowa ke kira Baba Kofur. Ya ce lokacin ginin kowane gida sai da ya ba da namiji ɗaya, su ɗebo dutse daga gindin kogi su hau da shi tudu a ka, ba lada ba la'ada. Uban Baba Kofur na cikinsu, har ya koma ga Allah gashi bai sake fitowa a tsakiyar kansa ba. Tsoron Turawan shi ne kada mutanen ƙetare su tsallako su ƙwace garin. Su kuwa mutanen ƙetare ba su taɓa zuwa ba, suna can suna fama da gonakinsu. Sojojin da aka ajiye a ciki zazzaɓi da zaman banza ne suka cinye su. Igwar ma sau ɗaya tak aka taɓa harba ta, ranar da wani babban Bature ya kawo ziyara. Ƙarar ta watsa jakunan kasuwa, ta kuma tsaga katangar gabas tun daga sama har ƙasa. Baba Kofur kan ce iyakar ɓarnar yaƙin da gidan ya taɓa gani ke nan, ita ma shi ya yi wa kansa.

Shi kansa a nan aka ɗauke shi soja yana saurayi, aka kai shi yaƙi wata ƙasa mai nisa da bai taɓa iya faɗin sunanta daidai ba, ya dawo da ɗingishi da igiya biyu a hannun riga. Da aka kwashe sojojin zuwa babban bariki, sai aka miƙa masa makullai aka ce ya yi gadi kafin a san abin yi. Har Turawan suka tattara nasu ya nasu suka tafi ba a san abin yin ba. Gwamnatin da ta gaje su ta mai da wurin gidan yari na ƙananan masu laifi, ɓarayin awaki da masu dogon baki. Cikin wannan zamani Goggo ta taso, da ƙarar guga da tarin fursunoni a kunnenta. Uwarta ta rasu tana ƙarama, girki da wanki suka dawo kanta. In ta sauka gari ɗibar itace, yara su bi ta suna kiranta 'yar gidan kaso. Tun a lokacin ta ƙudura a ranta cewa duk ranar da ta sauka daga tudun nan ba za ta waiwayo ba.

Saboda haka da wani direban babbar mota ya fara tsayawa a gindin tudu yana danna mata hon, ba ta tsaya ja masa aji ba. Ba kyau gare shi ba, ga surutu kamar an kunna rediyo, amma mutum ne mai zuwa nesa, ita kuwa nesan take so. Ya aure ta, ya kai ta wani babban gari, ɗaki ɗaya a gidan haya bayan tasha, da famfo a tsakar gida. Famfon nan ya fi komai burge ta. Ta yi ƙiba, ta yi ƙawaye, ta haifi namiji, daga baya ta haifi mace wadda ake kira Auta. Wata damina motar ta ƙwace wa direban a kan gada. Abokan aikinsa suka kawo mata hularsa da agogonsa.

Ta dawo tudu da yaran da nufin ta yi 'yan watanni kafin ta san inda za ta dosa. Sai ta tarar yanar ido ta rufe wa Baba Kofur gani, yana laluben kwaɗon ƙofa da hannu, tsakar gidan kuma ciyawa har gwiwa. An daɗe da kwashe fursunonin. Ta ɗauki tsintsiya don kawai yaranta su samu wurin taka ƙafa, ta karɓi makullan don kada tsohon ya faɗa rijiya yana neman ƙofa. Haka ta zama mai gadin Gidan Igwa, ba wanda ya naɗa ta. Baba Kofur ya ci gaba da zama a bakin ƙofa cikin tsohuwar kwat ɗinsa. Da ya ji ƙarar inji sai ya miƙe ya ƙame ya sara, sau da yawa ma injin niƙan gangare yake sara wa.

Aikin ba shi da nauyi a ido, amma ba ya ƙarewa. Jemagu sun cika benen, kullum sai ta kwashe kashinsu, warin ya kama mata zani har sabulu ya gaji. Gara na cin ƙyamare. 'Yan itatuwa na tsirowa a tsagar katangar gabas, in ba a tuge su ba saiwarsu ta ƙara buɗa ta. Kafin damina ta kwaɓa ƙasa ta lilliƙe rufin ɗakuna, bayan damina ta sake. Kunamu a ƙarƙashin kowane dutse, awakin gari kuma sun san duk wata kafa. Ga shi komai daga gangare ake hawo da shi, itace, gishiri, kananzir. Tudun da ta hau da gudu tana yarinya ya fara cin gwiwoyinta tun ba ta yi furfura ba.

Gidan kuwa kowace gwamnati da abin da take mai da shi. An yi sito na takin zamani, takin ya cinye mata tafin hannu, ya sa ruwan rijiya ɗaci har shekara ta zagayo. An jibge akwatunan zaɓe, ɓeraye suka yi gida a ciki. An yi wani lokaci da aka manta da shi ɗungurungum, a cikinsa ne Baba Kofur ya rasu. Ta zauna tana jiran a zo a ce ta tashi ko ta zauna, ba wanda ya zo. Daga baya sai ga wani ma'aikaci a kan babur, da allon ƙarfe ɗaure a bayansa. Ya kafa allon kusa da igwa, ya ce daga yau nan wurin tarihi ne, ba a girki a jikin katanga, ba a ɗaure dabba, ba a barin kowa ya kwana sai ita da iyalinta. Ya ce gyara na nan tafe. Bai shekara ba aka canza shi, wani ya zo, shi ma a kan babur, shi ma da gyara na nan tafe. Ta daina wahalar riƙe sunayensu, kowanne Mai Babur take ce masa. Da maƙwabtan gangare suka taya ta murna wai gidanta ya samu girma, cewa ta yi tsugunne bai ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Baƙi kan zo jefi-jefi. 'Yan makaranta su hau igwa a ɗauke su hoto, su bar mata ledoji. Wata rana wani tsohon Bature ya hawo yana haki, tare da mai yi masa fassara, wai kakansa ya yi aiki a nan, a nan ma zazzaɓi ya kashe shi. Ta buɗe masa ɗakin hafsa, wato na shugaban sojojin da, jemagu suka yi fir suka fito. Ya dafa bango ya yi ta hawaye. Ta kawo masa ruwa a kofi ta koma gefe. Ta ji tausayinsa, ta kuma tuna da kan kakanta, amma abin da ya fi damunta a lokacin shi ne tukunyar da ta bari a wuta.

Yara suka girma. Namijin ya koma babban gari koyon kanikanci, ya yi aure can, sai dai aike. Auta ta zama malamar makaranta, ta auri wani mai shagon magani a sabuwar unguwa, can bayan kasuwa inda ƙasa ke shimfiɗe. Duk zuwan da za ta yi sai ta yi wa uwar maganar saukowa, ta ce akwai ɗaki, akwai famfo, mijinta ma shi ya fara kawo zancen.

“Inna, wai wa ya ɗora miki gidan nan?”

“Ba kowa.”

“To ki sauke shi mana.”

“In na sauko, wa zan miƙa wa makullin?”

Auta ta ce ta rataye shi a bakin igwa. Goggo ta yi dariya, ta ce bari dai damina ta wuce. Damina da yawa suka wuce a haka.

Sai shekarar babban ruwa. An yi kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Wata rana da hantsi Goggo tana bene tana tara kwanuka a inda rufi ke yoyo, ta leƙa ta tsaga ta ga kogi ya bar hanyarsa ya shiga unguwar gangare. Gidajen ƙasa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara sosai, kamar ana jiƙa sukari. Kafin azahar hanyar tudu ta cika da mutane, masu katifa a ka, masu jan akuya, wani tela rungume da kan kekensa. A gaba akwai mahaucin unguwar, ƙato mai ƙaramar murya, goye da tsohuwarsa, matarsa na biye da jariri a cikin baho ta rufe shi da faranti.

Goggo ta tsaya a bayan ƙyaure da makulli a hannu. Ta san abin da aka ce mata, allon ma ga shi nan ruwa na dukansa. Mahauci bai roƙe ta ba, ya dai tsaya yana kallon ƙasa, ƙafafun tsohuwar na reto a gefensa. Ta buɗe ƙyamaren duka biyu, abin da ba a yi ba tun zamanin motocin taki, ta ce a shiga da tsofaffi ɗakin hafsa, shi ne ba ya yoyo.

Ta zaci kwana biyu ne. Ruwa ya janye, amma ba gidajen da za a koma. Mutane suka zauna har kaka, har rani, wasu har wata daminar. Ɗakin da sojoji ke ajiye harsashi ya zama na mata masu goyo, an raba sauran da buhu da zannuwa. Gidan da aka gina don mutum kaɗan ya ɗauki unguwa guda. Kowa kuma wurin Goggo yake zuwa. Wa ya riga wa a layin rijiya, akuyar wa ta ci shanyar wa, ɗan wa ya yi fitsari a tabarmar wa. Ita ta nuna inda za a haƙa masai a bayan katanga, ita ta riƙa bin mata tana cewa a tafasa ruwan sha. An haihu a ɗakin harsashi, ita ta riƙe fitila. Tsohuwar mahauci ta rasu a ɗakin hafsa, ita ta rufe mata ido. Tun tana hana girki a jikin bango har ta gaji ta bari, baƙin dutse ya ƙara baƙi. Igwa ta zama wurin shanya da turken awaki. Da itace ya yi wuya, wata safiya ta tashi ta tarar babu ƙyauren ɗakin harsashi, tsohon katako mai kauri da ya girme ta. Ta bi tsakar gida tana kallon murahu. Kowa ya sunkuyar da kai yana hura wuta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ji ba ta da ƙarfinsa, ta koma ɗakinta ta zauna tana matsa gwiwa.

A wannan zaman ne yaran unguwa suka laƙaba mata Goggon Tudu, manya ma suka ɗauka. A cikinsa ne kuma ta rame, idanunta suka faɗa, ta fara mantuwa. Mai Babur na lokacin ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ga hayaƙi da shanya, ya juya babur ɗinsa ya tafi.

Da mutane suka fara komawa gangare suna sabon gini, kowa ya gane cewa gidan ƙasa marar tushen dutse shi ruwa ya fara ci. Tsagar katangar gabas ta daɗe da buɗewa, duwatsu sun zubo a bayanta. Aka fara da na ƙasa, sannan aka koma ɓamɓarar na jiki. Wata la'asar ta zagaya ta yi kiciɓis da mahauci da amalanke cike. Ƙaton mutumin ya rasa inda zai sa kansa, ya fara sauke duwatsun ɗaya-ɗaya yana cewa ta yi haƙuri, kunya ce ta hana shi tambaya.

“Kakanninku ne suka hawo da su,” ta ce. “In kun sauka da su, ni ban gani ba. Amma ku bar na kusa da bene, kada ya faɗo wa yaran wani.”

Ta juya ta tafi tana dafa bango. Ba ta ji ta yi abin kirki ba, ba ta kuma ji ta yi laifi ba. Abin da ta sani shi ne ba za ta iya gadin dutse ba bayan duk abin da ta gani.

Bayan gidan ya koma shiru da shekara guda ko fiye, gyaran da aka daɗe ana faɗa ya zo da gaske. Wannan karon a mota aka zo, mutum uku da abin awo. Babbansu ba yaro ba ne, mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya shiga ɗakinta, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya zaga ya ga giɓin katanga da baƙin hayaƙi da ƙofar da ba ƙyaure, bai tambaye ta ba'asi ba, da alama an riga an ba shi labari. Sai kewaye-kewaye yake, ya yaba rijiya, ya yaba tsabtar fili. Daga ƙarshe ya ce wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin aikin, kuma sharaɗinsu ba wanda zai zauna a ciki, masu gadi na kamfani za a kawo, ɗakinta kuma nan za a riƙa karɓar baƙi. Yana faɗa yana murza hularsa, yana cewa ba ra'ayinsa ba ne.

Goggo ta jira ta ji zuciyarta ta ɓaci. Shekara da shekaru tana tsoron wannan rana. Sai ta ji wani abu ya sauka daga kafaɗunta, har ta ji kunya kada ya gani a fuskarta. Ta ciro makullan daga gefen zaninta ta ajiye a gabansa. Ya ce ba yau ba, ta ɗauki lokacinta. Ta ce ya dai riƙe, ta ga wanda za ta miƙa wa.

Labari ya sauka gangare kafin motar ta sauka. Washegari mahauci ya hawo da mutane, tela da matan da suka yi jego a ɗakin harsashi, ransu a ɓace. Suka ce ba za ta saɓu ba, za su je ofis, za su je gidan rediyo, matar da ta rufa wa unguwa guda asiri ba za a kore ta kamar akuya ba. Ta saurare su har suka gama, ta gode musu. Sannan ta ce wa mahauci in yana son ya yi mata alheri, ya kawo amalanken nan nasa ya kwashe mata kaya.

“Goggo, haƙƙinki ne fa,” in ji shi.

“Na sani, ɗan nan. Na gaji ne.”

Kayan ba su cika amalanke ba. Gado, akwati, tukwane, kwat ɗin Baba Kofur da asu ya gama da ita. Tsintsiyar ta bar ta a jingine. Saukowar ta fi ƙarfin gwiwoyinta, sai da ta zauna a hanya ta huta, matan na tsaye kanta suna yi mata fifita da mayafi. Tela ya ce da ta bari an ɗora ta a kan kayan, ta ce ai ba ta mutu ba tukuna.

Ɗakin da Auta ta ba ta ƙarami ne, da siminti a ƙasa da taga mai gilashi wadda ke buɗewa gaba ɗaya. Kwanakin farko ta rasa abin yi da hannunta. Ta kama wanke-wanke, Auta ta ƙwace. Ta kama tsinar ciyawa a bakin famfo, surukin ya fito daga shago ya ce don Allah Inna ta rufa masa asiri, kada a ce ya ajiye ta aiki. Ya riƙa kawo mata man shafawa na gwiwa, tana karɓa tana cewa ɓarnar magani ce kawai. Mutanen gangare kan leƙo, matar mahauci ba ta fashin aiko mata da ɗan nama. Da aka gama gyara aka yi taron buɗewa, an aiko mota ta ɗauke ta. Ta ce a gaishe su, ƙafa ba ta hawa.

Wata ranar aiki Auta ta dawo daga makaranta da rana tsaka, yaranta na biye suna rigima a kan wani abu. Ta tarar da uwar a kan tabarma a inuwar baranda, ta yi matashi da hannu, bakinta a ɗan buɗe, kaza na tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarta. Ta yi sauri ta sunkuya ta saurara, sai ta ji numfashi a hankali. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin uwarta tana barcin rana ba. Ta kori kazar, ta ɗora yatsa a baki ta kalli yaran, ta tura su ɗaki ta ƙofar baya. Goggo ba ta farka ba sai da inuwa ta kai bakin famfo. Ta tashi zaune tana mutsuke ido, ta tambaya ko akwai sauran ruwan zafi.